Rasuwar Gadar Valcorbe, Tana da Shekara Casa'in da Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya hau kansa ya zauna, Madam Honorine Cazals, mai gidan burodin bakin kogi a garin Valcorbe, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na wannan gaɓa da na tsallake, rasuwar maƙwabciyarta kuma uwar ɗakinta, Gadar Valcorbe, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Marigayiyar ta cika ranar Alhamis da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a zauren majalisar gari, lokacin da kansiloli bakwai suka ɗaga hannu, huɗu suka ƙi. Ta rasu tana da shekara casa'in da bakwai, tana tsaye da ƙafafunta.

Mai karɓar sanarwa a jaridar gunduma ya so a rubuta "bayan doguwar jinya", kamar yadda aka saba. Madam Honorine ta fizge biron daga hannunsa. Ta ce jinya ai sai da mai jinya. Wanda aka kwantar, aka dafa masa goshi, aka ba shi magani, shi aka yi jinyarsa. Ita wannan ido aka zuba mata shekara goma sha ɗaya tana lalacewa. Saboda haka a rubuta yadda abin yake: sakaci ne ya kashe ta, kuma masu sakacin suna da sunaye, kullum da safe suna zuwa sayen burodi.

An haifi marigayiyar a shekarar 1927. Kafin zuwanta kogin Orlane ya raba garin gida biyu, ba a haye shi sai da jirgin fito, kuma duk shekara idan ƙanƙarar kan duwatsu ta narke sai ya ci mutum. Ya ci ƙanin Baptistin, kakan mai makoki Madam Honorine, ranar wata kasuwa, shi da tumaki shida. Shi ya sa da aka zo neman lebura Baptistin ne na farko a layi. Su sittin suka yi wata goma sha huɗu suna tura baro. Sai da suka kafa wani ƙaton baka na katako daga wannan dutse zuwa wancan, suka shimfiɗa rodi a kansa, suka ɗaure, sannan suka zuba kankare. Da ya bushe aka zare katakon, sai ga baka guda ɗaya tal ya tsallake kogin, babu ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa.

Mutanen gari ba su yarda da ita ba. Dutsen ƙarya suke kiran kankare a lokacin. Ranar buɗewa aka taru ta nan, aka taru ta can, aka yi jawabi, aka yanke ƙyalle, kowa ya tsaya yana kallon ɗan uwansa. Sai Zelie, matar Baptistin, da cikinta wata takwas, ta saɓa kwandon burodi a ƙugu ta hau. Da ta kai tsakiya ta juyo ta ce, "To ga mu nan mu biyu, ba mu faɗa ba. Ku masu gashin baki me kuke jira?" Cikin nan shi ne mahaifin Madam Honorine. Don haka idan mai makoki ta ce da marigayiya aka san gidansu tun kafin a haifi ubanta, ba ƙari ta yi ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, kowa ya shaida. Ta ɗauki amalanke, ta ɗauki garken shanu masu hawa dutse da rani, ta ɗauki motocin soja na waɗanda suka zo da na waɗanda suka kore su. Ta ɗauki amare da gawarwaki, domin coci na wannan gaɓa, maƙabarta na tsallake. Shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya tafi da injin niƙa da rabin unguwar majema, ita ko gezau. An wayi gari da itacen goro na daji guda cur a maƙale a haƙarƙarinta, ta riƙe shi har aka zo aka sassare.

Ba ta da yawan magana. Kalmarta biyu ce: dum idan mota ta hau, dum idan ta sauka, a inda ƙarfen bakinta ya haɗu da titi. Amma Madam Honorine, tana tsaye tana murza kwaɓi bayan kanta, da wannan dum ɗin take sanin wanda ke tafe. Motar madara tana da nata, motar likita tana da nata mai gaggawa. Idan iskar arewa ta taso, marigayiya takan yi wani gunji can ƙasa-ƙasa, wuuu, kowa ya san gobe akwai dusar ƙanƙara, a shigar da itace. A ƙarƙashin bakanta kuwa, duk abin da ka faɗa sai ta maimaita maka ƙarshensa.

A nan ƙarƙashin ne Firmin Cazals, ɗan tsallake, mai rabon wasiƙu a kan keke, ya tsayar da Honorine wata Lahadi, shekara hamsin da ɗaya ke nan. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya ce, "Honorine, za ki aure ni?" Kafin ta buɗe baki, daga sama aka ce, "aure ni." Honorine ta ce, "Ka ji, wata ta riga ni. Sai ka zaɓa." Firmin ya ɗaga kai ya dubi kankaren ya ce, "Ita wannan ta yi mini tsufa, kuma ba ta iya gashi ba." A haka aka yi. Ya ci gaba da haye ta sau huɗu a rana har ya yi ritaya, kuma bai taɓa wucewa ba tare da ya taɓa mata hula ba.

Ciwon ajalinta a hankali ya shigo. Duk hunturu motar hukuma takan watsa gishiri a titi don ƙanƙara ta narke. A gefen gadar akwai magudanai, kuma a da akwai mutum guda da ke share su idan ganye ya zuba. Ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba. Magudanai suka toshe, ruwan gishiri ya kwanta, ya tsattsafa cikin kankare har ya iske rodi. Rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fara ture naman da ke kansa. Ana cikin haka wani kamfanin fasa dutse ya buɗe a bayan tudu. A bakin gada akwai allo mai cewa kada abin da ya wuce tan goma sha tara ya hau. Tifofin kamfanin, idan an cika su, tan arba'in ne. Suka riƙa wuce allon nan kamar hoton ɗan takarar da ya faɗi zaɓe. Muryar marigayiya ta sauya. Dum ya koma garam-garam, har kofuna na rawa a kan kantar gidan burodi.

Firmin ne ya fara ganewa. Yana kamun kifi a ƙarƙashinta sai wani gutsuren kankare, girman burodin iyali, ya faɗo dab da ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya ga rodi a waje, ja wur, kamar haƙarƙarin dabbar da aka feɗe. Ya sa gutsuren a kwandon kifinsa, ya wuce ofishin magajin gari, Gaspard Roumieu, ya dire masa a kan tebur.

Gaspard ya ce, "Baba Firmin, kwantar da hankalinka. Muna sane."

Firmin ya ce, "Ai sanin naku ne ke ba ni tsoro, Gaspard. Da ba ku sani ba, da sai in ce ran da kuka sani za ku gyara."

Wanda ya yi shekara arba'in yana kai wa mutane wasiƙu ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Firmin ya rubuta wa majalisar gari, ya rubuta wa hukumar hanyoyi ta gunduma, ya rubuta wa na sama da su. Wasiƙa ashirin da uku, kwafinsu na nan a gwangwanin biskit. Amsar duk iri ɗaya ce: an miƙa kokensa ga sashen da ya dace. Har yau ba a ga wanda ya taɓa ganin ƙofar wannan sashe ba. Sau ɗaya a shekara dai injiniyoyi kan zo da hular kwano, su ƙwanƙwasa jikin marigayiya da guduma, su kewaye kowace tsaga da fenti ruwan ɗorawa, su ci abincin rana a otel, su tafi. Baɗi su dawo su zana sababbin da'irori a kan tsofaffi. Abin da aka yi mata ke nan na magani: kwalliya.

A cikin shekarun nan ne majalisa ta gina shataletale a mashigar gari, ta kafa gunkin akuya na ƙarfe a tsakiyarsa, wai don matafiya su san garin cuku ne. A taron da aka nuna hotonsa Madam Honorine ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Ran da gada ta faɗi, akuyar ce za ta goya mu ta haye?" Aka yi dariya. Gaspard ma ya yi, ya ce, "Inna Honorine ba ta rabo da barkwanci." Mai makoki tana so a sani cewa ba barkwanci take yi ba ranar, kuma ba shi take yi yau ba.

Wasiƙa ta ashirin da huɗu ba a aika ta ba. A cikin tanda Honorine ta same ta, Firmin ya saka ta can yana zaton akwatin gidan waya ne. Daga nan ciwon mantuwa ya kama shi sosai. Shekara biyu tana kula da shi da kanta, tana gashi tana leƙensa, har ranar da ta same shi tsaye cikin kogi, ruwa har gwiwa, sanye da tsohuwar rigar aikinsa, yana neman gidan da zai kai saƙo. Dole ta kai shi gidan kula da tsofaffi da ke tsallake. Abin da ya sanyaya mata rai shi ne kusa ne. Daga tagar gidan burodi ana hangen tagarsa, ta uku a hawa na biyu. Tafiyar minti bakwai ce a ƙafa.

Wata nas mai suna Solange ta ce mata, "Madam, irin wannan ciwo ba ya son a karya masa sabo. Ki riƙa zuwa kullum, lokaci ɗaya. Sabon ne igiyar da ke riƙe da shi."

Haka ta yi. Kullum ƙarfe ɗaya na rana ta rufe shago, ta naɗe burodi mai zafi a tawul, ta haye. Shekara biyu da wata huɗu ba ta yi fashi ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Firmin ya manta sunan 'yarsu da ke aure a birni, ya manta yadda ake ɗaura takalmi, amma da ta turo ƙofa ƙamshi ya riga ta shiga, sai ya ce, "Norine, kin makara." Ba ta taɓa makara ba. Tsokana ce, ita kaɗai ta rage masa, kuma ta ishe ta.

Ranar sha ɗaya ga watan Maris da safe wani yanki na gefen gada ya ɓalle ya faɗa ruwa, bayan wucewar tifa. Ba wanda ya ji rauni. Hukumar da ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta samu sashen da ya dace ba, cikin awa uku ta samu mota da ma'aikata da injin walda. Da Honorine ta fito ƙarfe ɗaya da tawul ɗinta, ta tarar da shingen ƙarfe ya fi ta tsawo, wani mai riga ruwan lemo yana kan liƙe shi.

Ta ce, "Ɗana, buɗe mini in wuce."

Ya ce, "An rufe, Madam. Ba mota, ba ƙafa."

"Jiya tan arba'in ta hau nan, kuna ina? Ni kilo hamsin da biyu ce, har da burodin."

"Umarni ne daga sama."

"Mijina ne can. Ka ga tagar nan? Yana jira."

Ya duba tagar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai dai ki zagaya ta gadar ƙasa."

Gadar ƙasa tana can kudu. Zuwa tsallake ta wajenta kilomita arba'in da ɗaya ne, a kan hanyar da ke nannaɗe da duwatsu. Mai makoki ba ta taɓa tuƙi ba, ba ta taɓa buƙata ba. Motar haya da ke bin hanyar Talata da Juma'a kaɗai take tashi. Maƙwabta sun taimaka, Allah ya saka musu, amma kowa da aikinsa, ba mai iya ba da awa uku kullum. Sauran ranakun sai ta tsaya a bakin ruwa ƙarfe ɗaya, Solange ta turo Firmin gaban taga, ita kuma ta riƙa kaɗa farin tawul. Solange ta ce yana kallo. Daga baya ta faɗi gaskiya, ta ce tsuntsaye yake kallo.

A mako na uku Honorine ta ɗauko tsanin da take hawa ɗauko buhun fulawa, ta jingina da shinge da rana tsaka, kowa na gani. Mace mai shekara saba'in da uku ta hau, ta ja tsanin, ta sauka ta ciki. Ta bi tsakiyar titi, ciyawa har ta fara leƙowa daga tsagogi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne shirun. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin gadar nan ta yi shiru ba. Ta buga ƙafa da ƙarfi a kan ƙarfen bakin, ko za ta ce dum. Nauyinta bai kai ba.

Ta isa shingen tsallake ta tarar da 'yan sanda biyu suna jiranta. Daga tagar ofishinsa magajin gari ya hango ta, ya buga musu waya. Suka karɓi tsanin, suka riƙe ta da ladabi, suka ce doka ba ta ba su damar barin ta ta ƙarasa ba, kuma ba ta ba su damar barin ta ta koma ta kan gada ba. Suka ɗaga ta suka tsallakar da ita shingen, suka sa ta a mota. Ƙofar gidan tsofaffin na nan taku ɗari biyu. Ta roƙe su minti goma. Babban ya ce an umarce su su mayar da ita gida, ba su tsaya ko'ina ba. Suka zagaya da ita kilomita arba'in da ɗaya, burodin na huce mata a cinya.

Da yamma Gaspard ya shigo shago, hula a hannu. Ya ce, "Inna, don lafiyarki na yi. Da kin faɗa fa?"

Ta ce, "Gaspard, ni na ba ka burodin farko da ka ci da haƙoranka. Uwarka a kan gadar nan naƙudarka ta kama ta, Firmin ne ya jefar da keke ya ruga kiran ungozoma. Shekara goma sha ɗaya ana gaya maka za ta faɗi, ba ka ɗaga waya ba. Yau ka ga tsohuwa da tawul, hannunka ya samu waya."

"Ba ni ke da hanyar ba, ta gunduma ce."

"Akuyar fa, ta wa ce?"

Bai sayi komai ba ranar.

A mako na biyar Honorine ta shiga ɗakin Firmin ranar Juma'a, ya dube ta da fara'a irin wadda yake yi wa masu shara, ya ce, "Sannu, Madam." Ta zauna, ta gutsura masa burodi. Tun safe yake cikin jaka, ya yi sanyi, babu ƙamshi. Ya ci ya yi godiya. Solange ta fita daga ɗakin da sauri. Tun daga ranar bai sake cewa Norine ba.

An ce marigayiya tana iya tashi. Wani tsohon injiniya ɗan garin, wanda ya yi aikin gadoji a ƙasashe da dama kafin ya dawo gida kiwon zuma, ya shiga ƙarƙashinta da kwale-kwale ya duba. Ya shaida wa majalisa cewa bakan lafiyarsa lau, shimfiɗar sama ce ta ruɓe, kuma cikin wata takwas za a iya sabunta ta masu ƙafa da ƙananan motoci su ci gaba da wucewa. Sai wakilin gunduma ya buɗe takarda ya nuna hoton sabuwar gada, miƙaƙƙiya, mai faɗi, wadda za a gama nan da shekara huɗu. Za a kafa ta kilomita tara daga gari. Wani ya tambaya me ya sa can. Aka ce binciken masana ne ya nuna. Kowa a zauren ya san abin da ke kilomita tara daga gari: ƙofar kamfanin fasa dutse. Sharaɗin gunduma shi ne majalisa ta amince a rushe tsohuwar, domin ba za a riƙe gada biyu ba.

Kafin a ɗaga hannu Honorine ta miƙe. Gaspard ya ce lokacin jin ra'ayin jama'a ya wuce. Ta ce, "Ba ra'ayi na zo da shi ba. Zuwa na yi in ga hannuwan." Ta tsaya ta gan su ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai. Akwai wanda ta yi wa kek ɗin aurensa. Akwai wadda uwarta ke kwance a ɗakin da ke kusa da na Firmin, ita tana da mota.

Marigayiya ta rasu ta bar gari guda da ya koma biyu. Ta bar coci ba maƙabarta, maƙabarta ba coci, har ta kai ga gawa ma sai ta yi tafiyar awa guda kafin ta huta. Ta bar 'yan makarantar tsallake goma sha tara da ke tashi tun duhu bai washe ba, da mahauci da ya rufe shago a watan Yuni, da mai kantin magani da ke shirin bin sa. Ta bar tsattsewa fiye da ɗari da ke sheƙa a ƙarƙashin bakanta, waɗanda suka tafi kudu ba su san ba za su tarar da gida ba. Ta bar fitilu huɗu na ƙarfe, biyu suna aiki. Ta bar tifofi cikin ƙoshin lafiya. Ta bar akuya.

Ranar Juma'a, washegarin rasuwar, mai makoki ta je ta gaya wa Firmin, domin shi ne ya fi kowa haƙƙin a gaya masa. Ta ce, "Firmin, za su rushe gada." Ya daɗe yana kallon taga. Daga nan ana ganin bakan gaba ɗaya, da da'irorin fentin, da rufin gidan burodi a can ƙetare. Sai ya kamo hannun rigarta ya ce, "Madam, ke da kike da ƙafa, in kin haye, ki biya shagon can mai jan rufi. Ki ce wa matata ina nan ina jira. Ba ta saba daɗewa haka ba."

Ta ce masa za ta faɗa mata.

Za a yi jana'iza ranar Talata mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a inda marigayiya ta yi rayuwarta. Ba za a yi mata wanka ba, kogi ya yi mata na shekara casa'in da bakwai. An ce ba za a sa nakiya ba, katafila biyu ne za su ciccije ta daga gefe, kuma aikin zai ɗauki mako uku. Gawar ba za a binne ta ba. Za a kwashe ta a tifa a kai wurin niƙa a mayar da ita tsakuwa, kuma kamfanin da ya samu wannan kwangila shi ne dai na bayan tudu. Mai makoki ta duba ko'ina ba ta ga ƙasar da wanda ya yi kisa ke cin gado ba, sai Valcorbe.

Mutanen wannan gaɓa su tsaya a gaɓarsu, na tsallake a tasu. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya riga ya saya ya jefa a ruwa.

Za a karɓi gaisuwa a gidan burodi har zuwa Litinin da rana, lokacin da za a fitar da gashin ƙarshe. Daga nan tandar da Zelie ta fara hurawa za ta mutu, ba kuma za a sake hura ta ba. Madam Honorine ta kama ɗaki a tsallake, a saman tsohon shagon mahauci, da ɗan murhun da zai gasa burodi ɗaya a rana. Mutum ɗaya za ta riƙa yi wa, ko ya san ta ko bai san ta ba. Tana ba abokan cinikinta haƙuri, ban da guda bakwai. Daga Talata masu gaisuwa su same ta a gidan tsofaffi, hawa na biyu, bayan ƙarfe ɗaya.

An samu labarin cewa magajin gari ya shirya jawabi na shafi uku da zai karanta a bakin shinge, kan tarihin marigayiya da irin hidimar da ta yi. Mai makoki ba za ta hana shi ba, gari nasa ne. Sai dai ta je ta ga Fada, limamin coci, ta tuna masa cewa al'ada ce a kaɗa ƙararrawa ga duk mamacin da ya haura casa'in, bugu ɗaya kowace shekara. Fada ya yi lissafi ya ce casa'in da bakwai za su ɗauki kusan minti ashirin. Ya tambaye ta yaushe take so a fara. Ta ce daidai lokacin da Gaspard ya buɗe baki.

Allah ya jiƙan Tsohuwa, ya saka wa hannuwan da suka gina ta. Hannuwan da suka ɗagu ranar Alhamis kuwa, Fada ya ce a yafe musu. Mai makoki ta ji, ta kuma ce a rubuta cewa ba ta yafe ba.